"Ba mugun sarki sai mugun bafade": wa maganar take kārewa?

Ɗan Adar, Yamai:
Salamu alaikum mutanen zaure. Karin maganar da na kawo mana yau ita ce "Ba mugun sarki sai mugun bafade."

Sallar Layya ta bana a Damagaram na yi ta wajen surukaina, suka ce ba ni komawa Yamai ban ga hawan Sarki ba. Muka shiga Birni, muka samu wuri a ƙofar fada. Dogarai ne ko'ina, manyan riguna ja da kore, jan rawani ya rufe haɓa, wani da takobi a rataye, wani da bulala naɗe a hannu. Da aka busa kakaki sai taro ya dare biyu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokacin da Sarki zai hau doki. Dogarai suka kewaye shi, kowa ya ware hannuwansa, rigunansu suka tare ido, ba wanda ya ga yadda ya sa ƙafa a likkafa. Sai dai muka gan shi a sama, laima na juyawa a kansa.

Wani dattijo da ke gefena ya ce mini: "Ka gani ko, yaro? Abin da suka so ka gani na Sarki shi kake gani, abin da suka so ya ji naka shi yake ji. Shi ya sa aka ce ba mugun sarki sai mugun bafade."

Tambayata biyu ce. Maganar nan gaskiya ce, ko an yi ta ne don a wanke sarakuna? Sannan dogari yana cikin fadawan da ake nufi?

Hajiya Mai Atamfa, Wadata:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ni ban taɓa yarda da wannan magana ba. Tsoro ne ya haife ta. Talaka ya sha wuya, ba shi da bakin kama sunan mai gari, sai ya ɗora wa na bakin ƙofa. Har yau haka muke. Takardar rumfata ta yi wata da watanni a wani buro nan Yamai, kullum na je a ce mini ai shugaban mutumin kirki ne, yaransa ne ba su kai masa ba. To wa ya ɗauki yaran aiki? Wa yake ganinsu kowace safiya?

Baba Alhaji, Tawa:
Hajiya, Allah shi ba ki haƙuri, amma tsaya mu duba wurin da ake faɗinta. Wagga magana ba ta bayan ido ba ce, ta gaban sarki ce. Mu da munka tashi nan Adar, in an cuce ka da sunan sarki, ba ka shiga zaure ka ce "kai ka zalunce ni." In ka ce haka ka rufe ƙofa da hannunka, don sarki ba shi lashe amanai gaban jama'a. Sai ka tuɓe takalmi tun waje, ka gurfana, ka ce: "Allah shi ba ka nasara, mun san ba mugun sarki sai mugun bafade, abin da anka yi muna mun tabbata bai kai kunnenka ba." Ka buɗe mai hanyar gyara ke nan, girmanai bai zube ba. Wani lokaci shi da kanai ya ba da umarnin, kai ka sani, shi ma ya san ka sani. Amma da ka ce bai sani ba, ya samu damar warware abin da ya ƙulla.

Don haka mai kai ƙara ke da wagga magana. In kika ji wanda ba a cuta ba shina faɗinta don a yi shiru, ya ɗauki abin da ba nashi ba.

Jikan Dogari, Bukoki:
Baba ya yi bayanin amfani. Ni a tambaya ta biyu zan tsaya, domin ta taɓa gidanmu. Kakana dogari ne a wata fada ta ƙasar Gobir, a hannunsa na tashi, kuma raina yana ɓaci in na ji an haɗa su da fadawa a kwando ɗaya.

Bafade zaune yake, dogari a tsaye. Bafade yana cikin zaure kusa da shimfiɗa, yana kawo labarin gari, wane ya yi kaza, wane bai zo gaisuwar Juma'a ba, ya sa sarki dariya, ya sa shi fushi. Dogari yana bakin ƙofa, ba a neman shawararsa. A ce je ka kira wane, ya je. A ce raka masu haraji, ya raka. A ce kwana a zaure, ya kwana, ko da sanyin hunturu ne. Amma da yake shi talaka ke gani da jan rawani a ƙofar gidansa, shi ake zagi in ya juya baya. Wanda ya kitsa maganar yana can inuwa yana cin goro.

Na ga yadda kakana ke shiri. Da ya dawo sallar asuba zai zauna a kan buzu ya naɗa rawani, ba madubi, hannunsa ya san adadin zagayen. Bulalarsa tana rataye a bayan ƙyaure, yakan shafe ta da man shanu don kada ta tsage, amma ban taɓa jin an ce ya sauke ta a jikin wani ba. Ya ce iska ake duka da ita, ƙarar ta isa ta buɗe hanya. In an aike shi kiran mutum a ƙauye, ba ya shan fura a gidan wanda aka yi ƙara, ba ya sha a gidan mai ƙara, da gorarsa yake tafiya. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce wakilin sarki sarki ne, in ya karɓi kaza a hanya, sarki ne ya karɓa.

Ba na cewa duk haka suke. Akwai waɗanda in sun shiga ƙauye sai kaji sun ragu, kowa ya sani. Amma ɓarnar mugun dogari a fili take, ana ganinta, ana iya kai ƙararsa. Ta bafade a kunne ake zuba ta, ba shaida.

Sannan ku lura da wani abu in kun je gaisuwa. Sarki yana zaune, amawali ya rufe masa baki, ka faɗi ka yi gaisuwa, da ƙyar za ka ga ya ɗaga hannu. Dogarai ne za su ɗauka da ƙarfi: "Sarki ya gaishe ka!" Mutumin da ya taso daga ƙauye tun asuba, wannan amsar ita zai koma da ita gida ya ba iyalinsa labari. Wannan ma aikinsu ne, ba a lissafa shi.

Ɗalibin Tarihi, Jami'ar Abdu Mumuni:
Yaya Jikan Dogari, Allah ya jiƙan kaka. Amma a tarihi iyakar da ke tsakanin na ƙofa da na ciki ba ta cika tsayawa wuri ɗaya ba. A da, a yawancin fadojinmu, masu tsaron sarki da masu riƙe makullan gida bayin sarki ne, kuma da gangan aka yi haka. Ɗan sarki yana hangen gadon, bawa kuwa ba ya gado, don haka shi aka fi amince wa da takobi a bayan sarki. Wannan amincin ne ya sa wasu bayin suka fi ƴaƴan sarki ƙarfi.

Ga misali daga Damagaram ɗin. Fadar da Ɗan Adar ya tsaya a ƙofarta tun wajen 1850 take. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ya ƙarfafa ganuwar Birni, har igwa ake ƙerawa a garin a zamaninsa. Faransawa sun shiga a 1899. A 1906 suka zargi Sarki Ahmadu ɗan Bassa da shirya musu tawaye, suka tuɓe shi, suka fitar da shi daga ƙasar, suka damƙa riƙon gari a hannun Bellama, wanda bawan fada ne. Sai a 1923 sarauta ta koma gidanta, aka naɗa Barma Mustafa. Shekaru masu yawa ke nan wanda ya saba tsayawa a gaban shimfiɗa shi ke yanke magana.

Ƴar Damagaram, Yantala:
Ɗalibi, wannan kam aikin Nasara ne, da bindiga aka yi shi. Ba wannan karin maganar ke nufi ba. Ita tana magana ne a kan sarkin da ke kan gadonsa da ikonsa, amma an toshe masa kunne.

Kuma ina so mutanen Yamai su sani, fada ba wurin kallon Sallah kaɗai ba ce. Ku je ranar da ba biki, da hantsi. Za ku tarar da mutane zaune a gindin bango, wannan rikicin gona, wancan shanu sun shiga masa hatsi, waccan maganar aure. Dokar ƙasa ma ta ba sarakuna ikon yin sulhu a irin waɗannan kafin a kai kotu. Dogari ne zai tambaye ka abin da ke tafe da kai, shi zai ce ka jira ko ka shiga. Tsohuwar da ba ta san kowa ba, in ta samu dogari mai tausayi, ranar za ta ga Sarki. To ashe shi ma yana da hannu a abin da ke kai wa kunne, Yaya Jikan Dogari, ko da ba a neman shawararsa.

Jikan Dogari, Bukoki:
Wannan gaskiya ne, ƙanwata. Ƙofa a hannunsa take. Amma in ya hana tsohuwa shiga, duk wanda ke gindin bangon ya gani.

Malam Na Masallaci, Tawa:
Jama'a, addini ya taɓo ɓangarorin biyu. Ya zo a hadisi cewa kowane shugaba yana da makusanta iri biyu, masu sa shi alheri da masu sa shi sharri, kuma wanda Allah ya tsare shi ne tsararre. Ya zo kuma cewa in Allah ya nufi shugaba da alheri sai ya ba shi waziri na gaskiya, in ya manta ya tuna masa, in ya tuna ya taimake shi. Wannan yana ƙarfafa rabin maganar, wato mugun bafade musiba ne. Amma ɗaya rabin, cewa ba mugun sarki, ba shi da madogara. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce dukkanku makiyaya ne, kuma kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Ranar tambaya ba a karɓar "ba a faɗa mini ba" daga wanda bai nemi ya ji ba.

Hajiya Mai Atamfa, Wadata:
Madalla Malam, abin da nake cewa ke nan. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Bafade ba ya kawo tsegumi inda ba a saurare. In ya kawo sau ɗaya aka haɗe masa rai, gobe ba zai sake ba. Sarkin da fadarsa ta cika da magulmata, shi ke son gulma.

Baba Alhaji, na fahimci bayaninka, kuma na yarda dabara ce ta mai rauni. Abin da ke damuna shi ne an maimaita ta har mutane sun ɗauke ta gaskiya. Yaranmu suna tashi da cewa babba ba ya laifi.

Baba Alhaji, Tawa:
Hajiya, ba mu yi nisa da juna ba. Bari in ba ki abin da na gani da idona ina saurayi, a wata fada nan ƙasar Adar da ba ni kama sunanta.

Wani bafade ya shiga ya fita har anka karɓe gonar wasu marayu, wadda ke bakin fadama, anka ba wani attajiri. Da sunan sarki anka yi, dogari ma anka aika ya kafa iyaka. Kawun yaran makiyayi ne, ba ya da kowa a fada. Ya je ya samu limamin garinsu, sunka taho tare ranar Juma'a bayan an sauko. Ni na riƙe ma liman jakinai, shi ya sa na shiga har zaure na biyu. Liman ya gurfana ya yi addu'a mai tsawo, kana ya ce ba mugun sarki sai mugun bafade, ya ce marayun wane suna gaida sarki, suna roƙon a duba musu gonar ubansu, don sun san labarin da ya iso nan ba cikakke ba ne. Bafaden na zaune, bai fi taki uku da shi ba. Zaure ya yi tsit. Sarki ya daɗe bai ce komi ba, kana ya kira dogarin da ya kafa iyakar, ya ce ya faɗi abin da ya gani. Dogari ya ce ya tarar da yaran suna noma wurin, kuma dattawan gari sun ce mai ta ubansu ce. Kafin damina ta faɗi an mayar musu da gonarsu.

Hajiya Mai Atamfa, Wadata:
Alhamdu lillahi da marayu suka samu haƙƙinsu. Bafaden fa, Baba? An kore shi?

Baba Alhaji, Tawa:
Ba a kore shi ba. An dai hana shi sa baki ga maganar ƙasa, kuma ba a sake aikenai wancan gari ba. Ya ci gaba da zama fada har sarkin ya rasu.