Mun tace man taransifoma, danshi ya sake dawowa

Salamu alaikum injiniyoyi. Ina kula da taransifoma mai ƙarfin kVA 500 a wata masana'anta a Agege, Legas, ta haura shekara 20 tana aiki. Da damina muka gwada man, ya kasa jure ƙarfin wuta na kilovolt (kV) 30. Muka tace shi da zafi ya kai digiri 60, wata uku kacal juriyarsa ta sake faɗowa. Ƙwayoyin silika masu tsotse danshin iska sun koma ruwan hoda, alamar sun sha ruwa, mun canza. Danshin Legas sai haƙuri.

Oga ya ce takardar da aka naɗe wayoyin ciki da ita ce ta sha ruwan, in ta ɗumama sai ta sako shi cikin mai. To yaya ake busar da ita ba a kwance taransifomar ba? Ko in fara da gwajin furan (sinadarin da takardar ke saki cikin mai in tana lalacewa), in ga ko takardar ta riga ta ruɓe? Don Allah a taimaka.