Wane suna ya dace da ƙaramin jirgin da ake tuƙawa daga ƙasa?

'Yan'uwa masu kishin harshe, ina neman shawararku a kan wata kalma. Bayan kusan shekara ashirin da barin harkar, na koma tuƙa ƙananan jiragen saman nan da Turawa ke taƙaita sunansu da haruffan RC, wato waɗanda mutum ke tsayawa a fili yana sarrafa su da na'urar rediyo a hannunsa. Da na zauna zan rubuta wa ɗan yayana bayanin jirgin da nake haɗawa, sai na tarar ba ni da sunan da zan kira shi da shi wanda raina ya kwanta a kansa.

Harkar ta sauya ƙwarai. A da muna aiki da injin da ke shan mai gauraye da man zurma, kuma rediyon yana kan zango guda, 35 ko 72 megahaz, ta yadda idan mutum biyu suka kunna a zango ɗaya, jirgin ɗayansu zai iya faɗowa. Yanzu batir ne da rediyo mai 2.4 gigahaz wanda ke gane jirginsa shi kaɗai. Sunan ne kawai har yau ba mu daidaita ba.

Yara suna cewa "jirgin rimot", kuma kowa yana ganewa, amma rimot a kunnen Bahaushe abin sauya tashar talabijin ne, maɓalli ake dannawa a jira sakamako. Mai tuƙa irin wannan jirgi kuwa yatsunsa ba sa barin sandunan nan biyu da ke kan na'urar rediyon ko na daƙiƙa ɗaya, yana lura da iska, yana karkata fiffike, yana ɗaga wutsiya. "Jirgin wasa" kuma ban amince da shi ba ko kaɗan, domin abin da farfelarsa ke iya tsaga yatsa, wanda kuma ake shafe watanni ana yanka katakon balsa, wani katako mara nauyi, ana manna shi, ya wuce sahun motar kara da jirgin leda.

Wanda ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne "jirgi mara matuƙi", wanda kafofin labarai suka riga suka kafa a matsayin fassarar drone. Akwai dangantaka ta gaskiya tsakanin abubuwan biyu. Jirgin Tiger Moth na kamfanin de Havilland, mai fukafukai hawa biyu, wanda ya fara tashi a 1931 kuma aka horar da dubban matuƙa da shi, an ƙera masa wani ɗan'uwa mai suna Queen Bee, wato sarauniyar ƙudan zuma, da ake sarrafawa da rediyo domin sojojin Birtaniya su koyi harbo jirgi, kuma da yawa suna danganta asalin kalmar drone, wadda ke nufin namijin ƙudan zuma, da wannan suna. Duk da haka sunan bai dace da namu ba saboda dalili biyu. Na farko, jirginmu yana da matuƙi, a ƙasa dai yake tsaye, kuma idan ya kau da ido jirgin ya tafi ke nan. Na biyu, a yau duk wanda ya ji "mara matuƙi" yaƙi da leƙen asiri ne ke faɗo masa a rai, kuma ba na son a kira ɗan Tiger Moth ɗina mai launin ruwan ɗorawa da sunan da zai sa maƙwabci ya tsorata.

Na gwada "jirgi mai linzami", tunda linzami shi ne abin sarrafa doki, sai na tuna cewa makami mai linzami ya riga ya mallaki wannan kalma.

Daga nan ne na faɗa kan akala, kuma a nan nake so ku tsaya ku duba da kyau. Akala igiyar jan raƙumi ce, kuma sau da yawa mai riƙe da ita ba a kan raƙumin yake ba, yana ƙasa yana tafiya, dabbar tana bin inda ya ja ta. Wannan shi ne ainihin matsayin mai tuƙa ƙaramin jirgi. Bayan haka, Hausa ta daɗe da fitar da kalmar daga kan raƙumi, muna cewa wane ne ke juya akalar gwamnati, ko an karkata akalar zance, saboda haka ba za ta zama baƙuwa ba idan igiyar ta zama ta iska. Shawarata ita ce mu ce "jirgin akala", jam'i "jiragen akala", na'urar hannu kuma mu kira ta "akala" kai tsaye, mai tuƙi ya zama "mai akala".

Na san za a iya kawo suka, cewa akwai wani tsohon salo da ake ɗaure jirgin da wayoyi biyu na gaske, matuƙi yana tsakiya yana juyawa tare da shi, kuma shi ma ya cancanci sunan. Ina ganin wannan a kira shi "jirgin igiya", idan kuma ana tsoron ruɗani a rubutu sai a cika namu a ce "jirgin akalar rediyo".

Saura kalma guda da ban gama yanke hukunci a kanta ba, wato jirgin da aka ƙera shi daidai da siffar wani jirgi na gaske, an rage girmansa zuwa kashi ɗaya cikin shida ko cikin takwas. "Samfuri" ya fi kama da abin da ɗan kasuwa ke nunawa kafin ciniki. Na fi karkata ga "kwatankwaci", kuma ina buƙatarsa da gaggawa, domin aikin da ke kan teburina yanzu kwatankwacin DH.9A ne, irin jirage ukun nan na sojan saman Birtaniya da suka taso daga Masar ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham suka sauka a Kano a watan Nuwamba na 1925. Ina so in rubuta sunansa da Hausa a ƙarƙashin fiffike kafin in rufe shi da yadi.