Har da Shi Aka Yi Nema

Tsohon Malami:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana tara ke nan barci bai zauna mini ba. Wata yarinya 'yar shekara 6 ta ɓata a ƙauyen da na yi koyarwa, an aike ta da yamma ba ta dawo ba, sai a rana ta uku aka samu gawarta a wani kango bayan gonaki. Ba zan faɗi sunanta ko na garin ba, iyayen suna cikin abin da ya ishe su. Ga abin da ya zo mini, mai iyawa ya amsa. Amsa-amon "wa" ne.

Da sunan Allah zan fara,
Mai jin kukan da ba a furtawa.

An aike ta rana ta sunkuya,
Aike na kusa, ba na daɗewa.

Uwa ta leƙa ta koma ciki,
Ta ce tana can gidan ƙawa.

Uba ya dawo ya tambaya,
Aka ce da shi yanzu take zuwa.

Duhu ya sauka a kan gari,
Kowa ya ce wani na dubawa.

Sai da aka kulle ƙofofi,
Sannan aka fara kururuwa.

Kwana biyu muna kiran suna,
Daji kaɗai yake amsawa.

Na uku aka gan ta a kango,
Takalmi ɗaya, babu ɗan'uwa.

Ni na koya wa uwarta karatu,
Yau na tsaya gabanta ba abin cewa.

Uwar Biyu:

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba Malam, baitinka na uku ya tsaya mini a wuya, don na san abin da bakin mutane zai yi da shi.

Baba, ka ce uwa ta leƙa,
Na san inda zancen ke zuwa.

Gobe a ce ita ta yi sake,
A manta da wanda ya yi kashewa.

Wace uwa ce ba ta aike?
Ni ma ɗazu na aiki nawa.

Hannu biyu gare ta kamar ni,
Ga goyo, ga aikin gamawa.

Shekaru za ta yi tana lissafi:
Da na bi ta, da na hana ta zuwa.

Ku bar ta da abin da ke cin ta,
Wutar cikinta ta isa ƙonawa.

Tsohon Malami:

'Yata, ki sake duba baitin ƙofofi, jam'i na sa.

'Yata, ban ɗora mata ba,
Gari na ce, ban ce uwa.

Har ni da na ji ana cigiya,
Na ce yara ne, suna dawowa.

Ɗan Zafi:

Ku yi haƙuri manya, zan karya muku amsa-amo. "Wa" ta yi mini laushi a yau.

A ba mu shi, kawai a ba mu shi,
Kar a ce kotu ce za ta duba shi.
Wanda bai ji tausayin 'yar shida ba,
Wane ne zai ce a tausaya mishi?

A kama yau, gobe a ba da beli,
Jibi ka gan shi yana yawon shi.
A ɗage zama har a manta,
Uwa na kuka, shi yana barcin shi.

Tsohon Malami:

Ɗana, sauko ka zauna. Abin da na ƙi faɗa tun farko ke nan, ka sa sai na faɗa.

"A ba mu shi" da kake faɗa, ɗana,
An faɗe ta tun daren ɓacewa.

Wani ɗan ƙwadago baƙon gari,
Ba dangi, ba mai tsayawa.

Aka ce an gan shi bakin hanya,
Wa ya gani? Ba mai nunawa.

Aka karya hannun da yake noma,
Yana rantsuwa, ana ƙarawa.

Awa huɗu gari na kansa,
Ita ko ba mai zuwa nemowa.

Wanda ya yi yana gaban layi,
Tocila a hannu, yana haskawa.

Shi ke cewa mu nufi gabas,
Don kangon yamma yake tsarewa.

Katanga ɗaya ce tsakaninsu,
Kawu take ce masa a gaisuwa.

Abin da ya fi ci mini rai kuma bai shiga baiti ba. Akwai wani yaro ɗan shekara 7 da ya ce tun daren farko ya ga ta wuce tare da Kawun nan, tana riƙe da yatsansa. Aka daka masa tsawa, wai manya na magana. Sai da 'yan sanda suka zo suka zaunar da yaran unguwa ɗaya bayan ɗaya, sannan maganar yaron ta samu kunne. Mutumin yana hannu yanzu, shi da kansa ya kai su kangon.

Baƙon Gari:

Ni ma na yi ci-rani shekaru,
Na san kallon da ake wa mai zuwa.

In akuya ta ɓata, baƙo ne,
In yaro ne, to sai tserewa.

In ya gudu a ce ga shaida,
In ya tsaya, sanduna ke hawa.

Mai Jinya:

Baba Malam, waƙa ba fagena ba ce, amma awa huɗun nan da ka ambata ta hana ni yin shiru. A rahoton da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2019, yara sama da 200,000 'yan ƙasa da shekara 15 aka kashe a duniya daga 2008 zuwa 2017, kuma ƙananan cikinsu galibi a hannun na kusa da su suke mutuwa. Wato Kawun nan naku ba shi ne farau ba. Sannan ofishin babban lauyan jihar Washinton a Amurka ya taɓa bin diddigin yaran da aka sace aka kashe, ya gano kusan uku cikin huɗu an kashe su ne cikin awa 3 na farko. Saurin da ake buƙata ke nan ya sa aka ƙirƙiro gargaɗin AMBER a Amurka a 1996, a watsa kamannin yaro a rediyo da talabijin nan take, yanzu har a wayoyin mutane. Ƙauye ba shi da wannan, amma yana da abin da birni ya rasa: kowa ya san fuskar yaron, ba sai an nuna hoto ba. Jira ne kawai ke cinye wannan gatan. Ga nawa, a yi mini afuwa in ya karye.

Awa uku, Baba, ba kwana uku ba,
A nan ake samu ko rasawa.

Gara a tashi gari a banza,
A same ta kwance gidan ƙawa.

Gara a yi mana dariya gobe,
A ce mun faye saurin ruɗewa.

A fara da yara wajen tambaya,
Suna ganin abin da muke wucewa.

In an gani kuma, a ja da baya,
Sawu shaida ne, ba na takewa.

Ɗan Zafi:

Baba, na sauko, amma rabi.

Da ina garin a daren, na sani,
Da ni ne farkon mai dukan shi.
Hannun da aka karya na ɗan ƙwadago,
Na ji kamar ni ne na karya shi.

Amma mai tocila, Baba, ka bar ni,
Ba ni da gurbin da zan yafe mishi.
In kotu ce, to kotun ta yi sauri,
Kar uwar ta tsufa tana jiran shi.

Uwar Biyu:

Ku kuna kan hukunci, ni ina kan nawa biyun. Tun jiya da na karanta baitin gaisuwa na kasa sukuni.

Na koya musu gudun baƙo,
Kar su karɓi abin da yake miƙawa.

To me zan ce game da Kawu,
Da ni ke tura su gaisarwa?

Daren jiya na zaunar da su,
Na ce ko wa ya kira, sai an faɗa wa uwa.

Ƙaramar ta ce, Mama, har Kawu?
Na ce har shi, ina kawar da kai ga ɗan'uwa.

Ta ce, to shi ma mugu ne?
Na yi shiru, na kasa amsawa.

Baitoci biyu sun yi tsawo, na sani, ban iya rage su ba.

Mai Jinya:

Yaya, ga abin da nake gaya wa tawa, ko zai yi miki amfani.

Kar ki ce mata Kawu mugu ne,
Ce mata ba a tafiya sai da sanarwa.

Kuma duk babban da ya ce ki ɓoye,
Wannan shi ne na fara faɗawa.

Baƙon Gari:

Baba Malam, kowa ya tambayi uwa, kowa ya tambayi mai tocila. Ɗan ƙwadagon fa, yana ina?

Tsohon Malami:

Ɗana, ka taɓa inda nake gudu.

Ya bar gari kafin asuba,
Hannu a tsumma yana lilawa.

Kuɗin aikinsa na sati biyu,
Suna nan, bai tsaya karɓa ba, bare ƙirgawa.

Na tambayi mutum biyar sunansa,
Har mai gonar bai iya tunawa.

Mai gonar ya ba ni kuɗin a ƙulle cikin leda. Gobe zan bi motar farko in tambaya a tasha, ko akwai direban da ya ɗauki mutum mai karyayyen hannun dama ranar Laraba.