Gidan abincin 'yan Labanon da ke haɗawa da na Amurkawa: in kai surukina?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka daɗe a Amurka. Muna zaune a Toledo, jihar Ohio. Mahaifin maigidana ya zo daga Kano ganin likita, kuma tun zuwansa daga gida sai asibiti, sai Juma'a a masallacin Perrysburg. Ina so mu fita da shi cin abinci ko ya ɗan sha iska.

Kusa da mu akwai wani ƙaramin gidan abinci na mata da miji. 'Yarsu ce ke karɓar oda, akwai kuma wata dattijuwa da nakan hango a kicin tana naɗe ganye. A allonsu sun rubuta abincin Labanon da na Amurka. Na karɓo takardar abincinsu na duba a gida: shafi ɗaya humus da kibbe da shawarma, ɗayan kuma boga da soyayyen dankali da ƙwan karin kumallo, har da naman alade. Nan ne jikina ya yi sanyi. Baba mutum ne mai tsantseni, ga ciwon suga, ga shi ba ya cin abin da bai san kansa ba. Ya ce ya san Kwarori, wato 'yan Labanon, tun yana yaron shago a Kantin Kwari, amma bai taɓa sa hannu a kwanonsu ba.

Zuciyata na son wurin, don mutanen suna da fara'a. Yaya zan tambaye su batun halal ba tare da sun ji na raina sana'arsu ba? In kuma mun je, me zan ce a kawo wa Baba?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba Baba lafiya. Ni a garin Dearborn na jihar Michigan nake, kuma na ci a irin waɗannan wuraren sosai.

Kada ki ɗauka duk ɗan Labanon Musulmi ne. Waɗanda suka fara zuwa Amurka tun wajen 1880 galibinsu Kiristoci ne daga yankin tsaunukan Labanon, kuma Toledo na cikin garuruwan da suka zauna. Musulminsu ma sun daɗe a nan garin naku, tun 1954 suka gina masallaci. Saboda haka suna ko kamanni ba za su gaya miki komai ba, sai kin buɗe baki. Shi kuma shafin bogar, neman abinci ne ya kawo shi. A unguwar da Larabawa ba su da yawa, kibbe kaɗai ba ya biyan haya. Ma'aikacin da ya shigo da sassafe ƙwai da kofi yake so, wata rana sai mai gidan ya ɗanɗana masa humus, shi ke nan ya samu kwastoma.

Batun tambaya kada ki ji nauyi, sun saba. Ki je ke kaɗai tsakanin ƙarfe 2 da 4 na yamma, lokacin da babu cunkoso, ki nemi mai wurin da kansa. Ki tambayi inda suke sayen kaza da rago. Da yawansu daga mahautan Dearborn ake kawo musu ko da su ba Musulmi ba ne, don can ake samun ragon kirki. Amma abin da mutane suka fi mantawa shi ne farantin suya. Akwai shimfiɗaɗɗen ƙarfe da ake soya ƙwai da boga da naman alade duk a kansa, wani lokaci a nan ake ɗumama shawarma da burodi. In naman halal ne amma ya bi ta kan wannan ƙarfen, ai an koma gidan jiya. Ki ce a gasa muku a kan wayar gashi, ki kuma tambaya ko man da ake soya falafil, wato ƙosansu, shi ne na sauran kaya.

Gwaggon Yara:
Ƙanwata, ni ta ɓangaren ciki zan taimaka miki. Ki fara masa da miyar adas, wani ƙaramin wake ne ake yin ta da shi, mai ɗumi ce, babu nama, ana matsa mata lemon tsami. Humus kuma ki gaya masa abin da ke ciki kafin ya gani: dafaffen waken Larabawa ne aka niƙa da riɗi da tafarnuwa da lemon tsami. Da ya ji riɗi hankalinsa zai kwanta. Sai shish tawuk, kaza ce a tsinke kamar tsire, sai dai babu ƙuli babu yaji. Ki tafi da ɗan yajinku a jaka, babu wanda zai hana ki. Farin abin da ake kawowa da ita tafarnuwa ce zalla aka buga da mai, tana da ƙarfi, ya ɗiba kaɗan kaɗan.

Ki tambayi dattijuwar nan ko tana yin mulukiya. Lalo ne, wallahi lalon da kika sani, ana dafa shi da kaza a ci da shinkafa. Suna yin miyar kuɓewa ma da tumatir, amma tasu ba ta yauƙi. Irin wannan girkin gida ba kullum yake kan takarda ba, a ƙananan wurare kaɗai za ki roƙa a yi miki.

Kibbe kala-kala ne. Soyayye da gasasshe lafiya lau, nama ne da ɓarzajjen alkama. Amma in kika ga an rubuta nayye, ɗanyen nama ne, kada ki kai gaban mara lafiya. Kayan zaƙinsu baƙlawa da kunafa kuwa a ruwan suga suke jiƙe, ku ci ku bar Baba da shayin na'ana'a.

Abu Sadik:
Ni dai ban ga dalilin wahalar nan ba. Daga Toledo zuwa Dearborn tafiyar kamar awa ɗaya ce ta babbar hanyar I-75. Titin Warren cike yake da gidajen abincin da babu alade a kicin ɗinsu kwata-kwata. Ƙidayar 2020 ta nuna fiye da rabin mutanen garin 'yan asalin Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka ne, magajin garin ma, Abdullah Hammoud, ɗan asalin Labanon ne. Ku kai dattijo inda zai ci da natsuwa, ya ga gidan tarihin Larabawan Amurka da aka buɗe a 2005, ku dawo.

Ɗan Fagge:
Malam Abu Sadik, gaskiyarka, kuma in sun zo ina maraba da su. Amma mutumin da ke zaryar asibiti, awa biyu a mota zuwa da dawowa ba ƙaramin abu ba ne. Hajiya, na manta: in an zauna an kawo muku abinci, ana barin tukuici kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari. In kuɗin ya kama dala 80, ki ɗora 16. Yarinyar nan da ke hidima da shi take lissafi.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na je da yamma kamar yadda Malam Ɗan Fagge ya ce. Kiristoci ne, kuma mai wurin bai ɓoye min komai ba. Ya ɗauko rasit ɗin mahautar da ke kawo masa kaza da rago ya nuna min, akwai tambarin halal. Da kansa ya ce kada mu ci shawarmarsu, don a kan ƙarfen nan suke gama ta, naman boga kuma daga wani wuri yake saye. Wannan gaskiyar tasa ce ta sa na yarda da sauran maganarsa. Na zo na faɗa wa Baba komai yadda yake, na bar masa zaɓi, ya ce mu je.

Sun ba mu teburin lungu. Matar ta sa an goge wayar gashin kafin a ɗora kazarmu, ta kuma ɗumama burodin daban. Baba ya shanye miyar adas, ya ci kaza da yajinmu, humus ma ya taɓa, salak ɗinsu na tabbule ne dai ya ce ganye ya yi yawa. Da dattijuwar ta ji daga Kano yake sai ta fito daga kicin, ashe tana da dangi da suka yi zama a Afirka ta Yamma. Ita da Baba suka yi ta hira da guntun Larabcinsa na makarantar allo, 'yar jikarta na cike musu gurbi da Turanci.

Gwaggo, mulukiya babu ita a ranar, amma ta ce in na kira kwana ɗaya kafin mu zo za ta dafa. Mun sa ranar Alhamis bayan ganin likita. Malam Abu Sadik, Dearborn ma tana nan a lissafi in jikin Baba ya ƙara ƙwari, don maigidana yana so ya sayo rago a can.