Neman shawara kan kamun kifin walleye a ruwa mai zurfi

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman mazauna Minesota da Kanada masu fita kamun kifi. Ina neman taimakonku kan walleye a tafkin Lake of the Woods, wanda ke kan iyakar Minesota da Kanada.

A watan Mayu da Yuni ba ni da matsala, kifin yana kusa da gaɓa, ƙugiya mai kan dalma da ɗan ƙaramin kifi ta wadatar. Amma da Yuli ya shigo ruwan sama ya ɗumama, sai ya koma tsakiyar tafki, kan taɓo, zurfin ƙafa 30 ko fiye. Na'urar gano kifi ta jirgi tana nuna min su kwance daf da ƙasa, amma ko kallon ƙugiyar ba sa yi. Na sa tana, na sa matsattsaku, na ja dalmar da ke tafiya tana taɓa ƙasa da ɗan faifai mai juyawa a bayanta. Shiru. Gudun jirgin ne ya yi yawa, ko dalmar ce ba ta kai nauyi ba? Masu jan kifin roba da igiya mai dalma a ciki, tsawon nawa kuke saki?

Abin da ya fi damuna shi ne na biyu. Doka a ɓangaren Minesota ta ce wanda tsawonsa yake tsakanin inci 19.5 da 28 a mayar da shi ruwa nan take. To wanda aka ciro daga wannan zurfin jakar iskarsa takan kumbura, ka sake shi ya yi ta yawo a sama ciki a waje, ya kasa nutsewa. Jawo shi a hankali yana rage wannan, ko dai in haƙura da wurin in nemi inda bai kai wannan zurfi ba? Don Allah wanda ya sani ya taimaka.