"Matsoraci ba ya zama gwani": na faɗe ta a muhallinta kuwa?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Jiya saura kaɗan mu ɓata da Yaya. Na ce masa bayan Sallah zan hau keke daga Kano zuwa Damagaram in gaida Inna, ta Kazaure da Daura in tsallaka ta Kwangwalam. Ya ce aljanu suka shafe ni. Na ce matsoraci ba ya zama gwani. Ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Da muguwar rawa gara ƙin tashi." Umma tana gefe tana tankaɗe, ko uffan. Wa ya fi gaskiya?

Bakanike: Ka ajiye ta inda ba wurinta ba. Yaron da ke tsoron kama sitiyari ake faɗa wa haka. Doguwar tafiya a keke ba gwaninta ba ce, jimiri ne.

Mai Faci: Oga, ba ka taɓa yi ba ne. Na yi Kano zuwa Zariya a tsohuwar Phoenix. Tsoron duk a daren tafiya yake, kana kwance kana lissafin kilomita. Ina wuce Kura na daina tunanin Zariya, sai dai in ce bari in kai Kwanar Ɗangora in sha shayi. Abin da ya kusa sa ni kuka iskar hunturu ce a fuska, da sirdi. Kwana biyu ina sallah a karkace. Ƙanena, ka riƙe famfo da kayan faci, kada kuma ka bar kaca ta bushe.

Malam Na Bakin Kasuwa: Ku tuna ɗalibin nan na Gini, Mamadou Safayou Barry. A 2023 ya hau keke don ya je Azhar karatu, ya bi ta Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar har Chadi, kusan kilomita 4,000. Sau uku ana tsare shi a hanya. Amma da ya iso Chadi bai kutsa Sudan ana yaƙi ba, jama'a suka haɗa masa kuɗin jirgi zuwa Alƙahira. To shi matsoraci ne ko gwani?

Maman Husna: Kun tuna min da kakata, Allah ya jiƙanta. Tana amarya mijinta ya ce su tafi Makka a ƙasa. Ta ce daren da za su tashi ta ɓuya a rumbun maƙwabta, sai da uwarta ta jawo ta da ƙafa. Jaki ɗaya gare su, shi ma a Chadi ya mutu. Suka yi shekaru a Sudan suna tsinkar auduga a gonakin Jazira don tara kuɗin jirgin ruwa zuwa Jidda, can ta haifi babana. Har ta tsufa ba ta yarda ta tsallaka gada a mota ido buɗe ba. Amma in muka ce muna tsoron zuwa banɗaki da dare, sai ta ce, "Ni da na keta Bahar Maliya ina amai, ku tashi ku ba ni wuri." Ba ranar da tsoro ya sake ta, ta dai je ta dawo da shi.

Bakanike: Allah ya jiƙan Hajiya. Amma Hajiya, ai jan ta aka yi.

Maman Husna: Daga rumbu aka ja ta, ba daga Chadi ba.

Sarkin Zolaya: Da kuɗin fetur ɗin nan kowa ma zai zama gwanin keke, ko yana tsoro ko ba ya yi. Wani mai girma a mazaɓarmu ya raba kekuna goma, ya kira masu kyamara ashirin. Shi kuwa ko ƙauyensu ba ya shiga sai da jiniya.

Mai Faci: Wannan ai gwani ne a tsoro.

Malam Na Bakin Kasuwa: Ku bar siyasa. Ɗan Fagge, shirun Umma fa? Ka nemi izininta tukuna, kuma hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Sarkin Zolaya: Malam, shi da zai bar Dala a baya?

Ɗan Fagge: Na tambaye ta da safe. Ta ce in zan je in tafi wa Inna da daddawa da atamfa turmi biyu. Mai Faci, kariyar keke za ta ɗauka kuwa?