Neman kalmar Hausa: harajin da ake cirewa daga kuɗin aikin injiniya kafin a biya shi

Injiniyan gine-gine, Kaduna:
Assalamu alaikum. Shekara shida ke nan da na ajiye aikin albashi na koma cin gashin kaina, ina yi wa kamfanoni lissafin ƙarfe da kankare, ina kuma duba musu aiki a fili. Duk sanda kamfani zai biya ni, sai ya cire kashi 5 cikin ɗari ya ce shi ne abin da ake kira withholding tax da Turanci, ta yadda idan aikin na naira miliyan 2 ne, naira 100,000 ba ta shigowa asusuna. Ina shirya bayani da Hausa domin matasan injiniyoyi da masu safiyo da ke aiki tare da ni, amma na rasa sunan da zan ba wannan haraji. Na ga wasu na rubuta "harajin riƙewa". Ina neman shawarar malamai.

Akanta, Kano:
Wa alaikumus salam, Injiniya. Ban gamsu da "harajin riƙewa" ba, domin kamfanin ba shi da izinin riƙe kuɗin. Doka ta wajabta masa ya miƙa shi ga hukuma da sunanka, kuma tunda a matsayin mutum ɗaya kake aiki, hukumar tattara haraji ta jihar da kake zaune ce ke da shi. Wannan kuɗi kuwa bai rufe maganar harajinka ba. Kafin 31 ga Maris za ka miƙa bayanin abin da ka samu a shekarar da ta gabata, ka fitar da abin da ka kashe domin aikin kawai, kamar man mota zuwa fili, hayar na'urar awo, lasisin manhajar zane ta AutoCAD, kuɗin sabunta rajistar COREN (hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya) da albashin mai taimaka maka, sannan a lissafa haraji a kan ribar da ta rage. Daga cikin wannan jimilla ne za a zare abin da kamfanoni suka riga suka biya a madadinka.

Abin da ke damuna shi ne, sau da yawa ina haɗuwa da masu sana'a da ke ɗauka kashi 5 ɗin nan shi ke nan sun fita hakkin hukuma, wasu kuma suna ɗaukarsa asara, har ba su neman takardar shaidar biyansa. Dokar da aka fitar a 2024 ta kira shi cirewa daga tushe, don haka nake ba da shawarar "harajin cirewa daga tushe".

Malamar Hausa, Zariya:
Malam Akanta, sunan da ka bayar ya faɗi inda ake cire kuɗin, amma bai faɗi matsayin kuɗin ba, kuma matsayin ne ka ce mutane ba su gane ba. Bahaushe yana da kalmar da ta dace da kuɗin da ake bayarwa tun da wuri a kan cewa za a cika saura idan an zo lissafi, wato kafin alƙalami. Tela ya san ta, kafinta ya san ta, kuma babu wanda ya taɓa ba da kafin alƙalami ya manta da shi ranar cikon kuɗi. Ina ganin a ce "harajin kafin alƙalami".

Injiniyan gine-gine, Kaduna:
Malama, kalmar ta kwanta mini, sai dai akwai cikas. A wajenmu, kafin alƙalami shi ne kuɗin somin aiki da mai kwangila ke ba mu, kuma duk injiniyan da ya ji "harajin kafin alƙalami" zai zaci haraji ne da aka ɗora a kan wancan kuɗi.

Malamar Hausa, Zariya:
Gaskiyarka, Injiniya, kuma gyaran yana cikin jerin kalmomin. "Harajin kafin alƙalami" haraji ne a kan kuɗin somin aiki, amma "kafin alƙalamin haraji" wani kaso ne na harajin kansa da aka gabatar. Na biyun nake nufi, kuma na janye na farkon.

Akanta, Kano:
Na amince, Malama, da sharaɗi guda. A kan ribar hannun jari da ake raba wa ɗaiɗaikun mutane, kashi 10 da ake cirewa shi ne harajin ƙarshe, babu cikon da ke biyo baya, saboda haka wannan suna ba zai hau can ba. A bar "cirewa daga tushe" ya zama sunan tsarin baki ɗaya, a keɓe "kafin alƙalamin haraji" ga kuɗin aikin ƙwararru da na kwangila.

Injiniyan gine-gine, Kaduna:
Allah ya saka muku da alheri. Ga yadda na rubuta a bayanin: "Idan kamfani ya cire kafin alƙalamin haraji daga kuɗin aikinka, ka tabbata ya sa lambar harajinka daidai, ka karɓi takardar shaida, ka adana ta tare da rasitan kuɗin da ka kashe a aikin har zuwa watan Maris."